Malam Abdulwahidu da Kwanciyar Hankalin Girkawa

Malam Abdulwahidu mutumin Funtua ne, shekararsa takwas a Kuala Lumpur yana neman digirin dakta a kan falsafar Girkawan da. Waɗanda suka zo tare da shi tuni sun gama sun koma. Shi yana nan a hawa na goma sha ɗaya a unguwar Wangsa Maju, da matarsa Turai, yana gyaran babi na biyu.

Wani tsohon Bagirke ne ya shiga ransa, wanda aka ce a lambu yake zama da ɗalibansa. Tsohon ya koyar cewa jin daɗi na gaskiya ba cin nama ba ne ko tara kaya, shi ne jiki ba ciwo, zuciya ba damuwa. Magana ce mai kyau, ba wanda ya ƙi. Amma karatu in ya faɗa hannun malalaci, matashin kai yake zama. Malam ya duba duniya ya ga duk damuwarsa ta ƙofa ɗaya take shigowa, wato waya. Sai ya samo gwangwanin madara. Kullum da safe ya kashe wayar ya jefa ciki ya rufe, ya kama hanyar tafkin Titiwangsa, ya zauna a benci yana kallon ruwa har la'asar sakaliya. Tsohon ya kuma ce ba dukiyar da ta kai mutane, amma wannan shafin Malam tsallake shi yake yi.

Turai ce ke ji da sauran duniya: cefane, suyar masar da ɗalibai ke saya ran Asabar, amsa gaisuwar dangi, nata da nasa. In ta yi ƙorafi sai ya ɗaga yatsu uku ya karanta mata rabe-raben buƙata: wadda ba makawa, wadda ake iya haƙuri da ita, da wadda ruɗi ce kawai. Shayin da yake sha a mamak, wato shagon mai shayi na can, bai taɓa faɗawa kashi na uku ba.

Ana haka mahaifiyarsa, Inna, ta kwanta ciwo. Yayansa Yahuza ya gaji da kiran wayar da ke cikin gwangwani, ya koma kiran Turai.

"Malam, jikin Inna fa ya yi tsanani," in ji Turai. "Yaya Yahuza ya ce muryarka kawai take son ji. Just call her lah, ka kira ta ko minti biyar."

"Turai, ni likita ne?" in ji shi. "In na kira, ta yi kuka, hankalina ya tashi, nata ya tashi. Wa ya ƙaru? Sai na natsu zan kira."

Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce tsoro yake ji. Ya san Inna za ta ce, "Yaushe za ka dawo?" kuma duk Girka ba wanda ya rubuta masa amsar wannan. Ya ce gobe, gobe ta zo ya ce jibi. Kwana tara yana yi wa matarsa kunnen uwar shegu, yana kiran abin hikima.

Ran Juma'a daga masallaci ya koma bakin tafki. Ranar har ya rubuta layi huɗu, ya dawo yana jin kansa. A ƙofar gidansa ya tarar da takalma jibge, na maza da na mata, har bakin lif. Kunya ce a faɗi abin da ya zo masa a rai, amma sai an faɗa: ya ɗauka mutanen gida sun gane darajarsa, sun zo ɗaukar karatu. Har hula ya gyara.

Ya yi sallama da fara'a. Falo cike da 'yan Najeriya, na unguwar Cheras da na Setapak, zaune a ƙasa, an ture kujeru gefe. Suka ɗaga hannuwa suka shafa, wani dattijo ya ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna."

Kowa a ɗakin ya riga shi ji, har Kiristocin Kaduna da ke hawa na shida. Da asubar Funtua ta rasu, a nan kuwa lokacin rana tsaka ne, shi yana kallon ruwa. Turai ta matso kusa da shi. Ta danna lambar Yahuza a wayarta ta miƙa masa a gaban mutane, ya karɓa.

"Yaya, a ɗan jira ni, ko a waya ne in..."

"Jiran me? Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Malam ya jingina da bango. Ya sulale ya zauna.

"Ta tambaye ni?"

"Kullum," in ji Yahuza. "Har ran Laraba. Daga nan ta ce a ƙyale ka, kada a dame ka, karatu kake yi."