Mai Agogo da Idon Aro

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Kowa Mai Agogo yake ce masa. Yini yake da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan ƙusoshi da hantsaki. Wanda ya gan shi haka shiru ba zai ce yana da wani abin so a duniya ba, amma yana da shi: finafinan ban tsoro.

Ba na yanke-yanke da zubar da jini ba, waɗannan cewa yake mahauta ne suka sayi kyamara. Tsofaffi yake so, masu baƙi da fari, da waɗanda ƙananan masu shiryawa ke haɗawa ba wani kamfani a bayansu. Yakan ce gwani ba ya nuna maka dodo, ƙofa yake nuna maka a ɗan buɗe, ya bar ka da zuciyarka. Ranar da bai fita shago ba, da rana tsaka zai sauke labule ya zauna gaban talabijin, ya yi ta mayar da wuri ɗaya baya don ya ga yadda haske ke barin fuskar mutum.

Inna kuwa, ko kyankyaso ta gani sai maƙwabta sun ji. Da ta ji kiɗan farkon fim sai ta kwashi wankinta ta yi waje tana cewa, "Mutum da girmansa ya sayo tsoro ya kawo gida!" Shi kuma ya ce, "A sauka lafiya, jaruma." A haka suka tsufa.

Ciwon ido ya zo masa a hankali. Ƙusoshin suka fara ɓace masa, sannan fuskokin masu kawo gyara. Likita ya ce jijiyar ta mutu, sai haƙuri. Rufe shagon bai karya shi yadda muka zata ba. Abin da ya karya shi, ranar da ya sa na kunna masa fim ne. Finafinan nan nasa shirunsu ya fi maganarsu yawa, kuma a cikin shirun ake komai. Ya saurara, ya saurara, ya ce in kashe. Daga ranar ya juya wa bango fuska, abinci ma sai an yi da gaske. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga mutum yana sakin duniya da ransa.

Na ce zan riƙa ba shi labarin abin da ke allon. Ban kai rabin fim ba ya kore ni. "Ke rediyo ce," in ji shi, "kina riga hoton isowa." Na yi zuciya na fita. Da na dawo, Inna na tarar a kujerata, ta dunƙule kamar kazar da ruwa ya daka, tana cewa, "To, Malam, ga wata mata ta ɗauki fitila."

Abin ya zama aikinta. Sai dai duk inda kiɗa ya yi kauri, sai ta rufe fuska da bakin mayafi, bakinta kuwa bai tsaya ba. Ƙirƙira take yi. A bakin Inna ba wanda ya taɓa mutuwa. Matar da aka shaƙe ta tsere ta taga, mutumin da ya faɗa rijiya maƙwabta sun ciro shi. Ni abin ya ishe ni, don na tsani a yi wa makaho wayo. Rannan na ce, "Haba Inna, ba haka aka yi ba!" Baba ya ce, "Ke, bar ta. Ita ke gani." Da na ga ya koma cin abinci, har ya soma tsokanarta, sai na daina sa musu baki.

Wata rana abokinsa mai gyaran rediyo ya kawo masa wani sabon fim, wanda wasu matasa suka haɗa da kyamara ɗaya a wani tsohon gida. Baba ya daɗe yana jin labarinsa. Da aka sauke labule, kafin in kunna, ya laluba ya kamo hannun Inna.

"Jaruma, waɗancan duk na haddace su tun kafin a haifi yarinyar nan. Na san inda kike rufe ido. Wannan ban taɓa ganinsa ba, kuma ba ni da wani idon sai naki."

 Inna ta cire mayafin ta miƙo mini.

Labarin wasu 'yan'uwa mata biyu ne a gidan bene, ruwa yana cin matakalarsu a hankali, wani abu kuma a cikin ruwan yana kiransu da muryar mahaifiyarsu da ta rasu. Inna ta yi ta ba shi labari. Da kiɗa ya yi kauri na ga hannunta ya tashi zai kai fuska, ta mayar da shi ta danne a ƙarƙashin cinya.

"Ƙanwar tana sauka, Malam. Ruwa ya kai mata ƙugu. Ya kai wuya. Ta nutse."

"Ta fito?"

Hawaye na zuba a idon Inna, idon kuma a buɗe.

"Ba ta fito ba."

"Yayar fa? Me fuskarta ke yi?"

"Ba ta kuka. Ta zauna a matakalar sama, tana ninke rigar ƙanwar, ta warware, ta sake ninkewa. Hasken yana barin ta daga goshi."

Baba ya jingina da kujera, ya ɗan ɗaga haɓa kamar yadda yake yi in agogon da ya gyara ya soma tafiya.

"Na gani," ya ce. "Wallahi na gani."