Kaka Tamo da Bunsurunta Kumandan

Ku da kunka san Kaka Tamo a Karofane, wa ya taɓa ganinta tana tafiya a hankali? Ko bayan gida za ta, sai ka ce gobara ta tashi. Takalminta kuwa bisa ƙwarya take aza shi, wai kada ƙasa ta cinye mata shi. Ranar suna mata su fito tare da ita, kafin su kai bakin rijiya ta yi barka, ta ci tuwo, tana dawowa. "Ku hanzarta, miya ta kusa ƙarewa!"

Ni jikanta Sahabi, angonta kamar yadda take tsokanata, shekarata ta fari a kolej mushe, malaminmu na wasanni, ya sa mu tsere, na zo na ƙarshe. Nan take yara sunka laƙa mani Hawainiya. Na dawo gida ina hawaye, na ce na bar gudu har abada.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Angona, kai ne na baya? Kai, Allah wadan aure! Tahi ka kwanta."

Washegari da safe sai na ga ta kwance bunsurunta, wani ja'iri mai gemu da take kira Kumandan, ta buɗa masa ƙofa.

"Kaka, ya gudu!"

"Na gani, ba makauniya nike ba. Kamo shi, in ba haka ba babu kunu."

Wayyo! Bunsurun nan ya hau duwatsu da ni, ya ratsa garkar albasar mutane, ya shiga zauren liman. Kullum haka, har rani ya wuce. Wata rana na cafke shi tun bai bar unguwa ba. Na zaci za ta yaba. Sai ta kama kunnensa tana faɗa: "Kai ma ka lalace, rago!"

Da mushe ya zaɓe ni zuwa gasar makarantu a garin Buza, ya ce sai da takalmin gudu. Kaka ta je kasuwa ta dawo da wani wanda ko babana zai yi iyo a ciki.

"Kaka, ya yi mani yawa."

"To, ba girma za ka yi ba? Cusa tsumma!"

Ranar gasa na tsaya a layi. Yaron da ke gefena dogo ne kamar raƙumi, ya kalli takalmina ya tuntsire da dariya. Na tuɓe shi na ajiye, na taka ƙasa. Anka busa usur. A zagayen ƙarshe biyu suna gabana, ƙirjina kamar zai tsage, zuciyata tana cewa na uku ma ya isa. Sai ga Kaka ta keta igiya, ta tattare zane, tana gudu a gefen fili, jandarma na bin ta.

"Sahabi! Ga Kumandan can gabanka, dogon nan! Kamo mani shi!"

Jama'a sunka kwashe da dariya. Ni ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na wuce guda, na wuce dogon, na faɗa bisa zaren ƙarshe da ƙirji. 'Yan Karofane da sunka zo kallo sunka tashi da ihu! Jandarman kuwa har anka gama bai kama ta ba.

Da anka ba ni kofi, ta karɓa, ta juya shi, ta leƙa ciki. "Ba marfi? Duk wahalar nan?" A ciki ta riƙa zuba daddawa.

Daga ranar na daina sunkuyar da kai a aji. In mushe ya yi tambaya, hannuna ne a sama, ko da zan yi kuskure.

Sai ranar zaman makokinta maƙwabciyarmu Inna Hajo ta gaya mani cewa, duk safiyar da na bi bunsuru, Kaka tana bayan darni tana leƙena, tana roƙon Allah kada in faɗi bisa dutse. Ba ta taɓa bari na gani ba.

Allah ya jiƙan Tamo, ya yalwata mata kabari, ya sanyaya makwancinta. Amin.