Mita Ɗari Uku da Faransawa Suka Yanke

Maigidana ya faɗi a banɗaki wata safiyar hunturu, kuma da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na hagu ya daina jin maganarsa. Likitar da ke duba shi ba ta yi mini kwana-kwana ba, ni ma ba na son a yi mini. Ta ce ƙafar za ta iya dawowa, amma sai in ya riƙa taka ta kullum a watannin nan na farko. In ya zauna ta sandare, to keken guragu ne makomarsa.

Sai ya zauna.

Mutum ne da ya yi sama da shekara ashirin yana tuƙa tasi a New York, babu lungun da bai sani ba. Yanzu an ba shi sanda mai ƙafa huɗu, ya jingine ta bayan ƙofa kamar kayan aro. Ba ciwo ne ya hana shi fita ba, kunya ce. Abokansa 'yan Nijar suna da fada a bayan shagon wani amininsa a layi na 116, nan Harlem, inda suke dafa shayi suna gardama. Ya rantse ba za su gan shi yana jan ƙafa ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira limami. Ya saurari kowa cikin ladabi, ya koma ya zauna.

Abu guda ne bai mutu a jikinsa ba: sukuwar dawakin Faransa. Tun yana yaro a Damagaram yake bin ta a rediyo. Bai taɓa yin caca a kanta ba, dawakan yake so. Kuma yana da wani tsohon takaici. Akwai babbar sukuwar da suke yi wa dawakai 'yan shekara uku a farkon watan Yuni. Da can mita dubu biyu da ɗari huɗu ce, sai Faransawa suka rage ta zuwa dubu biyu da ɗari ɗaya. An daɗe da yin haka, amma shi har lokacin yana maganar kamar jiya aka yi masa rasuwa.

Ni kuwa a lokacin ina makarantar manya. Na haura hamsin kafin na zauna a aji. Da rana ina kula da wata tsohuwa a gidanta, da yamma in ɗauki jakata in tafi. Wata ranar na dawo na tarar yana waya da mai shagon nan, muryarsa har bakin lifta. Rabon da in ji ta haka tun kafin ya faɗi.

"Sun kashe ta!" yake cewa. "Sukuwar da ba ta kai inda numfashin doki ke ƙarewa ba, ina darajarta? Turawan Ingila ba su taɓa tasu ba, shi ya sa har gobe ita ce uwa."

Na ajiye jakata na ce, "Ni dai na ga gara da suka rage."

Ya cire wayar daga kunne. "Hajiya, da wa kike?"

"Da kai, Malam. Ɗan shekara uku ai yaro ne a dawaki. Don me za a karya shi tun bai gama ƙashi ba? Kuma kai da bakinka ka ce tun da aka rage, masu saurin nan da a da ba sa shiga yanzu suna shiga. Taron da ya fi cika shi ya fi daraja."

Da gaske nake, ba tsokana ba ce kawai. Shekaru na yi ina jin gardamar nan daga kicin, kuma na daɗe da nawa ra'ayin.

"Ji mini mace," ya ce wa wayar. "Bara waccan ta koyi rubuta sunanta, yau tana gyara wa Faransa sukuwa." Ina jin mai shago yana dariya ta can.

"Na koya, kuma ban tsaya ba," na ce. "Bari in nuna maka abin da muka yi yau."

A makon nan ne malamarmu ta koya mana juya mita zuwa mil. Na zauna na yi lissafin a gabansa, a hankali, don hannuna bai saba ba. Dubu biyu da ɗari huɗu, mil ɗaya da rabi ke nan.

"Kai direba ne. Layi nawa ne mil a Manhattan?"

"Ashirin," ya ce, ko tunani bai yi ba.

"To daga ƙofar gidan nan zuwa fadarku layi nawa ne?"

Muna zaune a layi na 146. Ya fi ni sanin talatin ne cif.

"Tazarar da kake kuka a kanta ke nan," na ce. "Kai da ba ka kai bakin lifta, kai ne mai ce wa ɗan doki ya ƙara ɗari uku? Ka taka ta da ƙafarka ranar sukuwar, ka je ka kalla tare da abokanka. In ka yi, in ce gaskiyarka a gaban kowa. In ba haka ba, kada in ƙara jin zancen nan a gidana."

Mai shago bai kashe wayar ba, ya ji komai. Kafin washegari duk fada ta ji. Wannan ne ya ɗaure shi, don mutanen nan za su yafe wa mutum komai ban da gudu daga gardama.

Muka fara fita bayan sallar asuba, lokacin da babu idon sani a titi. Ranar farko bakin ƙofar gini ya kai, ya dawo yana haki. A hankali muka kai kwana, muka wuce wurin wanki, muka wuce tashar jirgin ƙasa. Duk tafiyar gardama muke. Shi ya ce dokin da ya ci gajeriyar sukuwa, in kaka ta zo aka haɗa shi da manya a doguwa, sai ka ga ya narke. Ni in ce ai akwai waɗanda suka ci duka biyun. Ya ce wa ya gaya mini. In ce shi. In ya fusata ya fi sauri, ni kuwa na san duk inda zan taɓa.

Ba kullum ake daɗi ba. Wata safiya ana yayyafi ya zauna a matakalar gidan wasu, ya ce in ƙyale shi, ƙafar ba tasa ba ce. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Zuciyata ta karye, amma ban bari ya gani ba.

"Shi ke nan," na ce. "Faransawa sun yi gaskiya."

Ya miƙe yana zagin Faransawa har kakanninsu.

Ranar sukuwar Lahadi ce. In suna yamma a can, mu nan hantsi ne, don haka muka fita da wuri. Ya sa farar shaddarsa, ya ɗaura agogo a hannun da ya shanye. Wannan karon gari ya waye, mutane na tafiya coci, ga masu tura kekunan kasuwa. Bai sunkuyar da kai ba. Bai taɓa wuce layi ashirin ba kafin ranar, kuma daga nan na ga tafiyar ta canza. Ya daina ba ni amsa. Ƙafar hagu ta fara karce ƙasa.

A layi na 120 akwai benci a bakin titi. Nan ne mita dubu biyu da ɗari ɗaya ta cika, mu biyu mun sani. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tsoro ya kama ni na gaske.

"Malam, don Allah zauna. Ka yi abin da likita take so, har ka wuce. Na janye maganata."

Ya dubi bencin, ya dube ni.

"A nan ake sanin doki," ya ce. "Matsa mini."

Layi huɗun nan sun fi duk na baya tsawo. Ban taɓa shi ba, don na san in na kama hannunsa ba zai yafe mini ba. Ina gefensa ina karanta duk addu'ar da na iya. Wata 'yar Gana mai sayar da turare a bakin hanya ta gane mu, ta bar teburinta ta ruga shago. Sai ga 'yan fada sun fito titi da kofunan shayi a hannu. Wani dogo a cikinsu, mai yawan barkwanci, ya toshe hanci yana kwaikwayon mai sharhin sukuwa da Faransanci, yana sirkawa da Hausa: "Ga tsohon Damagaram ta waje! Ga shi nan tafe! Hajiya na bin sa da bulala!" Baƙaƙen Amurka da ke wucewa ba su san me ake ba, suka tsaya suna tafi su ma.

Ya kai. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙofar shagon, ya tsaya yana mai da numfashi. Mai shago ya rungume shi yana kuka kamar yaro.

"A kunna mana," ya ce da ya samu magana.

Suka kalli juna. An gama sukuwar tun muna hanya. Minti biyu da 'yan kai ce gaba ɗayanta.

Na zaci zai ji haushi. Sai ya juyo gare ni, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Kin gani ko? Sukuwar da ke ƙarewa kafin mutum ya iso, wannan sukuwa ce?"

Fada ta kaure da dariya. Suka ce sai na cika alkawari. Na gyara mayafina na tsaya a tsakiyar maza na ce, "Gaskiyarsa. Ɗari ukun nan ba wasa ba ce, na gani da idona." Na ƙara da cewa ga ɗan doki dai ina nan kan bakana, shi kuwa wannan tsohon ingarma ne, hukuncinsa daban. Suka ce na yi maguɗi. Aka ba ni kujera da shayin farko mai ɗaci, ni da ban taɓa wuce kantar shagon nan ba.

A bas muka koma gida. Da Laraba ta zo na shirya zan raka shi fada, ya ce in tafi makarantata kada in makara, ya san hanya.