Rumfar Sha'aban Mai Zubar da Ganye

A shekarun da fetur ya yi tsada har injinan ban ruwa suka yi shiru, ƙauyukan gabashin Bagwai ba su da taƙin ƙasa da ba a nomawa. Gona tana manne da gona, iyaka kuwa ba ta wuce layin gamba ko lalle ba. Abin da ido ke fara gani shi ne itatuwan gawo, tsaye a tsakiyar gonaki, waɗanda manoma ba sa sarewa.

A nan aka haifi Malam Sha'aban Dabo, mai gyaran keke. Shi da yayansa Sabo suna noma gonar gado wadda ba ta kai kadada ɗaya ba: gero da damina, latas da tattasai da rani, daga rijiyar da ke gefenta. Da fetur ya gagare su, Sha'aban ya sayar da raguna biyu ya sayo farantan sola huɗu. Sai dai girka su a ƙasa zai cinye kunya goma sha biyu na gero, abincin gida biyu. Sabo ya ce muddin dami ɗaya ya ragu da kaka, za a raba gonar, kowa ya san inda ya nufa.

Kamar yadda Sha'aban ya shaida mini, dabarar ta zo masa ne yana cin abincin rana a gindin gawo. Kowane manomi a wajen ya san halin wannan itace: yana zubar da ganyensa da damina, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, sannan ya yi sabon ganye da rani. Ya ce nan take ya ajiye kwano, ya ruga gida ba takalmi.

Ya kafa dogayen turaku na ƙarfe a kan iyakar kunya, ya ɗora farantan a sama da tazara a tsakaninsu, domin inuwar ta zama tsilla-tsilla irin ta gawo. A ranin farko injin ya ja ruwa ba ɗigon fetur, latas ɗin da ke ƙarƙashi kuma ya daɗe bai yi yaushi ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga unguwannin kusa, har da masu keke daga hanyar Kunci.

Da ruwa ya kusa sauka, sai ya tayar da farantan tsaye da sarƙar keke don kada su tare wa gero rana. Nan ya yi kuskure. Guguwar farko ta kama su kamar tabarma a kan igiya, ta karya turke ɗaya. Sabo ya zo da safe ya daɗe yana kallon ɓarnar.

"To injiniya, gawon naka ya faɗi."

"Bai faɗi ba, Yaya. Ni ne ban gama kwaikwayo ba. Ka taɓa ganin gawo ya juya ganyensa? Zubar da shi yake yi."

A makon suka sauke farantan gaba ɗaya, suka ɗora su a kan rufin ɗakin mahaifiyarsu, Inna Kulu, inda suka ba gidan haske da cajin waya tsawon damina. Turakun suka tsaya tsirara a gona, iska tana wucewa, wake kuma ya hau su.

Da kaka aka ɗaure dami talatin da ɗaya, kakar da ta gabace ta kuwa talatin ne. Sabo ya ƙirga sau biyu, ya ce albarkar ruwan sama ce, amma bai sake ta da maganar rabo ba, kuma shi ya riƙe tsani ranar da aka mayar da farantan.

Yanzu manoma uku a yankin sun kafa irin wannan rumfa. Duk da haka, damina biyu kacal aka gwada ta, ba wanda ya auna amfanin a rubuce. Saukewa da ɗorawa kuma suna buƙatar mutum huɗu, har faranti ɗaya ya tsage a bana. Sha'aban bai samo maƙalin da zai sa mutum ɗaya ya yi aikin ba tukuna.