Kwamfutar da Sajo Ya Ba Ilu Kiwo

Duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ya san shagon Malam Ilu, ko da bai taɓa shiga ba. Daga nan dillalan shanu ke samun intanet ranar Alhamis, su tura wa masu saye a Kudu hoton bijimi ta gefen da ya fi ƙiba. Ilu ɗan makiyaya ne daga wajen Sule Tankarkar. Ya bar sanda ya kama waya, amma kansa bai taɓa barin ruga ba. Ko kwamfuta ce ta yi nishi, sai ya taɓa gefenta da bayan hannu ya ji ko zazzaɓi ne.

A kusurwar shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani. Aikinta ɗaya ne: idan mutum ya rubuta sunan shafi a wayarsa, ita ke nemo lambar shafin ta nuna wa wayar hanya. In ta tsaya, intanet na nan, amma babu wayar da ta san inda za ta nufa.

Wannan kwamfuta ba ta Ilu ba ce. Lokacin da ya buɗe shago da tebur kawai da buri, amininsa Sajo, mai gadi a wani ofis a Damagaram, shi ya kawo masa ita a kan babur, ya ce haɓɓanaye ce. A wajen makiyaya, haɓɓanaye saniya ce da kake ba ɗan'uwa kiwo, ta haifa masa 'ya'ya, sannan ya maido maka da ita kamar yadda ka ba shi. Sajo da wasa ya faɗa. Ilu kuwa da gaske ya ji.

Saboda haka shekara da shekaru, duk sanda saƙo ya fito cewa a sabunta manhajarta, sai Ilu ya danna “daga baya”. A ganinsa, wanda aka ba amanar saniya ba ya sauya mata shaida.

Sai ta fara suma. Ana tsakiyar ciniki, dillali ya ɗaga waya sama, hoton bijimi ya ƙi tafiya. Ilu ya ce zafi ne, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan rufin kwano. Ta sake suma. Ya ce kambun baka ne, ya juya fuskarta bango don kada masu shigowa su riƙa kallonta. Nan ma ba ta fasa ba. Alhaji Nasrullahi, babban dillalin kasuwar, wanda sauran ke bin bayansa duk inda ya nufa, ya leƙo da waya a hannu.

“Malam Ilu, mai saye ya gaji da jira ya sayi na wani. In ta kuma yi mana haka mako mai zuwa, wallahi za mu koma shagon tsallaken titi.”

'Yarsa Ummukulsum, wadda ta karanta fannin kwamfuta, ita ta zauna ta bincika.

“Baffa, ba zafi ba ne, ba baki ba ne. Manhajar da ke nemo sunaye ce ta tsufa, kuma tana da ɓaraka da kowa ya sani. Duk wanda ya aiko mata gurɓatacciyar tambaya, daga ko'ina a duniya, sai ta faɗi.”

“Me na yi masa?”

“Bai ma san kana duniya ba. Ƙofofi yake bi yana turawa.”

Wannan ya fi komai ɓata wa Ilu rai. A ce maƙiyinka bai san sunanka ba! Ya ce to a toshe ɓarakar. Ummukulsum ta ce an toshe ta tuntuni a cikin saƙonnin da ya yi ta kora, kuma yanzu tsohuwar ba za ta iya ɗaukar sabuwar manhaja ba. Sai dai a sauke ta a ɗora wata.

Ilu ya yi kwanaki yana kewaye-kewaye. Gaskiyar magana, haɓɓanayen ta daɗe da haihuwa: ga kwamfutoci reras a shago, ga aure, ga karatun yara. Tuntuni ya kamata ya mayar. Abin da ke hana shi tsoro ne. Sajo ya yi ritaya ya koma ƙauye, zumunci ya ja baya, kuma Ilu na ganin wannan akwati mai gurnani ne kaɗai ya rage a tsakaninsu.

Ranar Talata ya bar Ummukulsum tana haɗa sabuwa, ya naɗe tsohuwar a bargo, ya ɗaure ta a bayan babur ya tsallaka iyaka. Ya tarar da Sajo a gindin bishiya, gemu ya yi fari fat. Bayan doguwar gaisuwa, Ilu ya kwance bargo.

“Hamma Sajo, ga amanarka. Ban sauya mata ko ƙusa ba.”

Sajo ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya har da tari.

“Ilu! Wannan ordinatar? Ai a kanta muke zama a bakin ƙofar biro, ofishinmu na Damagaram, kafin in kawo maka!”

Da Ilu ya ba shi labarin saƙonnin da ya yi ta kora, Sajo ya riƙe baki.

“To kai, saniyar haɓɓanaye in ta kamu da ciwo, ba a yi mata allura?”

Ilu ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, “Na ji tsoro ne. In na maido ta, me zai sake haɗa mu?”

Dariyar Sajo ta tsaya. Ya tashi ya zagaya bayan gida, ya dawo yana jan wata 'yar akuya ja, mai taurin kai, ya ɗora igiyar a hannun Ilu.

“Ni kuma shekarun nan ordinatar nan nake jira, don na san ranar da za ta zo kai ma za ka zo. Riƙe wannan. Duk sanda ta haihu, da bakinka nake son jin labari.”

Haka Ilu ya kamo hanyar Maigatari da akuya ɗaure a bayansa, tana kuka tana tauna gefen rigarsa. Ko sau ɗaya bai tsawata mata ba, don shi ma idonsa cike yake da hawaye.