Kuɓewar Gindin Suri

Ni mutum ne da ba ya ƙaunar jira. Ko shayi aka miƙo mini da zafi, sai in ga kamar mai shayin da gangan ya yi don ya cinye mini safiya. A 'yan shekarun nan abin ya ƙaru, don na ɗora wa kaina abu uku: koyarwa a sakandare a Faskari, ginin gida da na faro a Ƙanƙara, da gonar gado a Tafoki. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni kuwa na ce rashin tsari ne ya sa suka faɗi haka.

Sai na duƙufa sauraron masu koyar da tsara lokaci a waya, kuma tsakani da Allah na ƙaru. Da asuba nake duba takardun ɗalibai, na bar zaman majalisa bayan la'asar, na koyi gaisuwa a tsaye. Matata har tsokanata take yi: "Malam, in zubo tuwon, ko ba ya cikin tsarin yau?"

Gona ce kaɗai ta ƙi shiga layi. Noman farko, maimai, neman 'yan ƙwadago, zaman gadinsu kada su kwanta a inuwa, duk Asabar ɗina a nan take ƙarewa. Bara wani abokin aiki ya nuna mini maganin feshi da ke kashe ciyawa ya bar masara a tsaye. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

A gidanmu na Tafoki akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta. Sunan kakana aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kirana da komai ba sai Babana. A gefen gonarmu ta arewa akwai wani tsohon suri, kuma tun ina yaro a gindinsa take shuka kuɓewa. Ba wanda ya ba ta wurin, ba wanda ta tambaya. Haka muka taso muka gani. Kuɓewar doguwa ce mai jan kara, ba ta saurin tsufa, in an shanya an daka kuwa ɗan kaɗan ya ishi tukunya yauƙi. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓi irin. A ƙaramin gora take ajiye shi, ta barbaɗa toka saboda ƙwari.

Duk na san wannan. Ina faɗa ne don kada wani ya yi mini uzuri.

Ranar feshin na raba Asabar ɗina biyu: safe a gona, azahar a Ƙanƙara wajen karɓar bulo. Na tsaya ƙofar gida ban kashe mashin ba. Gwaggo ta fito da kwanon fura.

"Babana, ba ka sauka?"

"Sauri nike, Gwaggo."

"To, dama ina so in hwaɗa maka, can wajen suri..."

Wayata ta yi ƙara, mai gini ne. Na ɗaga mata hannu, na ce in na dawo, na ja mashin.

A gona na tarar da masu feshi biyu sun goya tankunansu. Na ce daga iyaka zuwa iyaka, kada su bar mini ko tsinke. Babbansu ya ce, "Har gindin suri, Malam?" Na ce, "Surin ba a gona yake ba?" Hankalina yana kan bulo. Daga gona ban biya gida ba, na miƙe hanya.

Da na koma bayan mako biyu, gonar ta yi fes, masara kore shar, ba ciyawa ko ɗaya. Har hoto na ɗauka na tura wa malamai 'yan uwana. Ina zagayawa ina jin kaina, sai na hango mutum tsugune a gindin suri. Gwaggo ce, tana bin tsirrai ɗaya bayan ɗaya tana juya ganyensu. Duk sun nannaɗe sun yi ruwan ƙasa. A nan maganarta ta ƙofar gida ta dawo mini.

Ta ɗago ta ce, "Lallai maganin ga naka yana da aiki."

Na ce ta yi haƙuri, ai sai a sake shukawa, damina da saura.

"Da mi?" in ji ta. "Shukar hwarko ruwa ya ɗauke ta ƙone. Wagga ita ce ta biyu, na juye goran duka. Abin da ni so in hwaɗa maka ke nan."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa. Ta kakkaɓe zanenta, ta tambaye ni lafiyar yara.

Ni da ba ni da lokacin shan fura, sai ga ni da lokacin yawon neman kuɓewa. Na bi matan unguwa gida-gida. Kowacce ta ce ai wajen Gwaggo suke ɗiba in shuka ta zo, me zai sa su ajiye? Na hau mashin har Damari, inda 'yarta take aure, ina ta addu'a a hanya. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Yaya, ai duk shekara Inna ka aiko mani." Na dawo hannu rabbana. Ashe duk dangi da maƙwabta goran nan ɗaya suka dogara da shi.

Na sayo mata irin zamani a leda daga kasuwar Ƙanƙara, har leda uku, kamar yawansu zai rage mini nauyi. Ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah shi yi albarka. Ta shuka, ya fito da wuri, gajere, kwana biyu in ba a tsinka ba ya zama itace. Miyar ta ciwu, ba wanda ya yi ƙorafi. Ni ne dai na riƙa tashi ina barin rabin tuwona a kwano.

Masara kuwa ban taɓa samun irin ta bara ba. Da ita na yi rufin gidan Ƙanƙara. Malamai suna nuna ni suna cewa ga mai tsari, har shugaban makaranta ya sa na yi wa sababbin malamai bayanin yadda ake raba lokaci. Na yi bayanin, an tafa. Ban daina tsarin ba, kuma ban daina feshi ba, don ƙarya ne in ce zan koma noman hannu. Abin da na ƙara kawai, in na isa Tafoki ina kashe mashin.

Bana da aka yi ruwan shuka na je na zauna a tabarmarta, na sha fura har na kanannaɗe ƙafa. Na yi niyyar gaya mata cewa na sa an kafa turaku kewaye da suri, ba mai feshin da zai ƙara kusantar wurin. Kafin in buɗe baki ta gyara zama, ta sunkuyar da kai irin na mai roƙon alfarma wajen baƙo.

"Malam," ta ce, "in babu takura, bana ko za ka ara mani gindin surin nan in ɗan shuka wani abu?"