Shafin Farkon da Gwaggo Ladi Ta Aike Ni Nema

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Gwaggo Ladi ta rasu.

Ba kira na aka yi ba. A guruf ɗin dangi na gani, tsakanin sanarwar suna da bidiyon wani mai tallar magani. Kafin gari ya waye mini a nan ƙasar waje, can har an kai ta an dawo, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta a Tudun Kaya.

Da farko haushi na ji. Mutanen da lambata ba ta ɓace musu idan buƙata ta taso, yau ta ɓace. Sai na duba wayar, na ga rabon da ni in kira ta tun kafin azumi. Sai na kama bakina. Ban fi su ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ƙanwar mahaifina ce, uba ɗaya. Shekara shida kacal ta ba ni. A gidanmu na Rogo ta girma, don mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka bakinta bai taɓa kama sunana ba. Babana take ce mini.

“Babana, zo in share maka majina.”

Ita ke cire mini ƙaya. Ita ke ɓoye mini ƙanzo. Ranar da na zubar da tawada a kan takardun dagaci da mahaifina ya kawo gida, ita ta tsaya a bakin zaure ta ce gwiwar hannunta ce ta ture kwalbar. Mahaifina ya dubi hannuna shuɗi har wuyan hannu, ya dubi nata fes, ya ajiye bulalar ya fita.

Amma ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Wani aike ne ta yi mini, ban isar ba.

A shekarun tamanin, gidanmu ana ƙuliƙuli. Gwaggo ke kai wa wani mai tsire a kasuwar Rogo, Ɗan'azumi. Shi kuwa tsofaffin takardu yake sayowa daga Kano dami-dami, yana ƙunshe nama da su. Wata rana a cikin damin aka samu irin littattafan nan na Turawa masu zane, hoto bayan hoto, magana na fita daga bakin mutane cikin ɗan da'ira. An yayyage su, babu bango, babu farko, babu ƙarshe.

A shafi ɗaya akwai wata mata a sama. A sama sosai, gidaje na ƙarƙashinta, ta ɗauko mota da mutane a ciki.

Gwaggo ta dawo gida da shafin a ƙullin zaninta, duk mai da yaji.

Daga ranar suka ƙulla da Ɗan'azumi: duk shafin da matar nan ta fito, ya ware mata. Yakan yi mata tsiya.

“Ladi, ga ƙawarki mara kunya. Yau ma ba ta sami zani ba.”

“Ai shi ya sa nake kai ta gida. In na bar ta a nan kai da masu cin bulus za ku cinye ta da ido.”

Gaskiyarsa ce, kayan jikin matar ba na shiga mutane ba ne. Gwaggo sai ta barbaɗa wa shafin toka ya tsotse man, ta danne shi ƙarƙashin tabarma, sannan ta ari birona ta ɗaura wa matar zani. Kowane hoto. Zani shuɗi har idon sawu, wani lokaci har da kallabi. Biro nawa ta ƙarar mini, Allah kaɗai ya sani.

Ni ne mai karatu, don a aji uku ta tsaya. Da na karanto mata sunan matar sai ta ce bai zauna a baki ba. Ta raɗa mata Tabawa.

Ta ɗinke shafukan da allura da zare yadda ta ga dama. Na nuna mata lambobin da ke ƙasa, na ce ta sa arba'in kafin sha biyu.

“Lambar tasu ce, Babana. Labarin nawa ne.”

Abu ɗaya ne bai taɓa zuwa cikin damin Ɗan'azumi ba: shafin farko. Ina Tabawa ta fito? Wa ya ba ta ƙarfi? Ni na ce aljana ce. Wani ɗan ajinmu ya ce allura aka yi mata.

Gwaggo ta ce a'a. 'Yar ƙauyen Jajaye ce. Wata rana da damina aka aike ta kiran wani a tsallaken rafi, aike na gaggawa, kuma babu kowa a gida sai ita. Ta zo ta tarar rafi ya kawo, ya cika har yana tumbatsa. Ba ta tsaya ba. Gudu ta ci gaba da yi. Ba ta ma san ta tashi ba sai da ta duba ƙasa ta ga ruwan na wucewa ƙarƙashin ƙafarta.

“To wa ya ba ta ƙarfin?”

“Babu wanda ya ba ta. Babu wanda za a aika ne.”

Na yi dariya. Na ce Baturiya a Jajaye? Ta ce in rufe mata baki in miƙo biro.

Da aka kawo talabijin gidan wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a unguwarmu, akan fito da ita tsakar gida bayan la'asar a haɗa da batirin mota. Sai aka fara nuna wani shiri, wata mata ce a ciki mai jifa da ƙarti kamar buhunan ƙaiƙayi. Na ruga na gaya wa Gwaggo Tabawa ta shiga talabijin. Ta ƙirƙiri kai wa matar gidan man gyaɗa, ta tsaya daga bakin ɗakin girki tana leƙe.

Wani dattijo a cikin masu kallo ya girgiza kai.

“Wannan in ka aure ta, da wane bakin za ka ce a kawo ruwa?”

Daga can baya muka ji muryar Gwaggo.

“Sai ka koyi hanyar randa, Baba.”

Har mai gidan sai da ya riƙe ciki. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage.

A hanya ta ce mini wannan ba Tabawa ba ce. Ta yi wannan dambe duka gashinta ko motsi bai yi ba. Amma ta ce ita ma ba laifi. Na tambaye ta, wai me ke burge ta da matan nan, dukan maza?

“Duka? Wa bai iya duka ba? Kai dubi dai. Ana kira tana zuwa. Kuma ba ta taɓa zuwa an riga an gama ba.”

Ban gane ba. Yaro ne ni.

Sai ranar da ake haɗa kayanta za a kai ta Tudun Kaya. Mahaifiyata ta ga gwangwanin da Gwaggo ke adana shafukan, ta ga ina murmushi, sai ta ja ni gefe. Ta ce ko ka san yadda uwar Ladi ta rasu? A Jajaye ne, da damina, maza duk suna gona. Naƙuda ta zo da gardama. Ladi aka aika kiran ungozoma a tsallaken rafi, tana 'yar shekara tara. Ta tarar ruwa ya kawo. Ta tsaya a bakin gaɓa tana ihu har muryarta ta dushe. Da ruwan ya ja suka iso ita da ungozomar, an riga an rufe uwar da zani.

Ban ƙara yi wa labarin Tabawa dariya ba.

Ƙarshen shekarun casa'in na samu hanyar fita, da sunan karatu. Gwaggo ta zo har tashar Rogo da goyo a baya. Kowa da irin saƙonsa, wani agogo, wani rediyo. Ita sai ta warware zare ta ciro shafi ɗaya ta ba ni.

“Tunda can za ka inda ake yin su, ka nemo mini shafin farko. In ji ta bakinsu.”

Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Karatun bai yiwu ba. Abin da ya yiwu shi ne gadi, da wanke-wanke, da jiran takarda shekara da shekaru, a ƙasar da rana ke fitowa kamar roƙon ta aka yi. Ba zan dame ku da wannan ba. Ni na kawo kaina.

Amma shafin farko, a shekarata ta biyu na same shi. Wani shagon tsofaffin littattafai ne. Na nuna wa mai shagon takardar, ya ga zanin biro ya yi dariya, na yi kamar ban ji ba. Ya hau tsani ya sauko mini da littafin.

A tsaye na karanta.

Ashe akwai wani jarumi namiji da aka fara yi, ya karɓu. Sai masu buga littafin suka ce a yi mace irinsa. A cikin labarin ma, tsaye kawai take kusa da shi lokacin da wani hatsari ya faru, sai wani abu daga ƙarfinsa ya fallatsa mata. Shi ke nan. Ba a aike ta ko'ina ba. Ba rafi. Ragowar ƙarfin wani aka ba ta, har sunanta daga nasa aka gutsuro.

Ba zagin su nake ba. Mai shagon ya ce ba duka aka yi haka ba, wasu da asalinsu na kansu, kuma daga baya mata sun karɓi alƙalamin sun gyara da yawa. Ina ganin 'yan mata ƙanana a bas sanye da rigar jaruman nan suna ɗaga kai, sai in tuna Gwaggo. Abin da take gani su ma shi suke gani.

Amma na kasa gaya mata. Da aka samu waya takan tambaya, in ce ina nan ina nema.

Sau ɗaya na zo gida. Na je Tudun Kaya na same ta tana ɓarar gyaɗa, jikoki kewaye da ita. Littafin na cikin jakata. Mun gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi sanyi, ta ce na rame, ta ce furfurata ta fi tata, ta sa aka dama mini fura. Sannan ta kore yaran.

“Babana, saƙona fa?”

“Wallahi Gwaggo, har yanzu…”

“Kar ka rantse. Sauke hannunka daga kunne. Tun kana tsirara in za ka yi ƙarya sai ka kama kunne.”

Na sauke.

“Ka samo. In da mai daɗi ne da tun daga tasha ka fara ba ni labari.”

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

“Ba ta tsallake ba ko?”

Na ce, “Babu ma rafin, Gwaggo.”

Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta. Sannan ta ce, “To ashe ba su san ta ba. Sha furarka.”

Ban fito da littafin ba, ba ta ce in fito da shi ba. Da zan tafi ta rako ni har bakin hanya, ta ce in na tashi dawowa kar in yi ta jira sai na zama wani abu, in taho kawai. Na ce da izinin Allah baɗi.

Shekara tara ke nan.

Yau tun safe nake juya abin. Na ɗauka tausayinta nake ji da na ɓoye. Yanzu ina ganin raina ta na yi. Matar da ta tsaya a bakin rafin nan tana 'yar shekara tara, kuma ta rayu, ta yi dariya, ta raini 'ya'ya har da ni, ita ce takarda za ta karya? Ni ne mai rauni, ba ita ba.

Ba zan ce muku Gwaggo ce jarumar ba. Da ta ji sai ta ce in rufe mata baki. Ba ta tashi sama, gwiwa ma ciwo take mata. Abin da na sani shi ne, maƙwabtanta sun ce duk matar da naƙuda ta kama a unguwar, kafin a gama aike Ladi ta ɗauki mayafi. Ba ungozoma ba ce. Ita ce dai mai zuwa kira, kuma ba ta yarda a aiki yaro.

Ni aike ɗaya ta yi mini a duniya. Na tsaya a wannan tsallaken ina jira ruwa ya ja. Yau an rufe ta da zani.

Shafin da ta ba ni yana gabana. Har yanzu in ka kai shi hanci za ka ji kamar yaji. Biron ya koɗe, amma zanin na nan. Ɗazu na juya bayansa, na samu gefen da babu zane, na rubuta da hannuna:

Tabawa 'yar Jajaye ce. An aike ta, rafi ya kawo, ba ta tsaya ba.

Gwaggo, ga shafin farko. Naki ne daidai. Na makara.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da mahaifiyarki a inda babu abin da zai shiga tsakaninku. Allah ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙuri. Ni kuma ya yafe mini.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ba sai ka yi mini ta'aziyya ba. Ita ka tuna. In ka idar da salla ka ce Allah ya jiƙan Ladi ta Tudun Kaya. Kuma kar ka bari sai gobe.